Barcin Hankali: Yadda Layi, Haske da Tsari Ke Magana a Zanen Goya

Yau shirin namu kacokan zai tsaya ne a kan takarda guda, wadda tsawon zanen da ke kanta bai kai santimita 22 ba, faɗinsa kuwa kimanin 15. Ba ta da launi sai baƙi da fari da toka-toka. An buga ta a birnin Madrid na ƙasar Sifaniya a shekarar 1799, kuma har yau malaman fasaha ba su gama muhawara a kanta ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma tunda a rediyo muke, yau kunne ne zai yi wa ido jagora. Ku gyara zama, mu bi zanen nan daki-daki.

Mai zanen shi ne Francisco Goya, wanda aka haifa a 1746 a ƙauyen Fuendetodos kusa da Zaragoza, ya rasu a 1828 a Bordeaux ta Faransa. Mai zanen fadar sarkin Sifaniya ne, kuma wata rashin lafiya da ta kwantar da shi daga ƙarshen 1792 ta bar shi kurma har ƙarshen rayuwarsa. A watan Fabrairun 1799 ya fitar da jerin zanen bugu guda 80 da ya kira Los Caprichos, inda ya tona asirin wauta da camfi da yaudarar da suka yi wa al'ummarsa katutu. A ciki akwai jakin da ke koyar da ɗan jaki karatu, da jakin da ya zama likita yana taɓa jijiyar majinyaci, da budurwar da aka aurar wa tsoho don dukiyarsa, da mayu, da malaman coci masu cin gumin wasu. An sa su kasuwa a wani shagon turare da barasa, amma kwafi 27 kaɗai aka sayar. A 1803 Goya ya miƙa wa sarki faranten bugun da kwafi 240 da suka rage, aka yanka wa ɗansa Javier albashi a madadinsu. Zane na 43 a wannan jeri shi ne abin nazarinmu.

Ga abin da ido zai gani. A ƙasa, wajen hagu, wani mutum na zaune ya kifa kansa a kan tebur, ya tusa fuskarsa cikin hannuwansa, ya harɗe ƙafafu, barci ya kwashe shi. A kan teburin akwai takarda da kayan zane. A bayansa mujiyoyi sun yi cincirindo, fikafikai a buɗe, idanu a waje, har ɗaya daga cikinsu ta riƙo abin zane tana miƙa masa. Sama da su jemagu ne ke tashi cikin duhu, ƙanana can nesa, da wani ƙato baƙi ƙirin wajen sama ta dama. Wata baƙar kyanwa ta leƙo daga bayan mutumin. A ƙasa ta dama kuma wata kyanwar daji mai tsinin kunnuwa, wadda Turawa ke yi wa kirari da kaifin gani, ta kwanta ta ɗaga kai ta zuba ido. A jikin teburin, ta gefen da ke fuskantar mai kallo, an rubuta sunan zanen da harshen Sifaniyanci, ma'anarsa ita ce barcin hankali yana haifar da dodanni.

Mutane da yawa da zarar sun karanta wannan rubutu sai su ɗauka sun gama da zanen: in hankali ya yi barci, camfi da mugunta za su shigo, don haka a farka. Wannan fahimta gaskiya ce, amma rabin zancen ne. Abin da shirin nan ke son tabbatarwa shi ne, layi da haske da tsarin zanen sun faɗi wata magana mai nauyi wadda rubutun bai faɗa ba. Sun nuna cewa dodannin nan na gida ne. Daga mai barcin suke samun siffa, daga gare shi suke samun haske, kuma aikin mai hankali shi ne ya tashi ya dube su ido da ido, ya san su, ya fito da su fili. Ba za mu karɓi wannan magana haka kawai ba, sai mun ga hujjarta a jikin takardar.

Kafin nan, dole mu san yadda aka yi zanen, domin a wannan sana'a hanyar aiki ita ce harshen mai aiki. Goya ya yi amfani da dabaru biyu a kan farantin jan ƙarfe guda. A dabara ta farko, ana shafe farantin da kaki, a sa allura a ja layi har ƙarfen ya bayyana, sannan a tsoma shi cikin ruwan asid. Asid zai ci inda allura ta bi, ya bar kwari siriri. In an cusa tawada cikin kwarin, aka goge saman, aka ɗora takarda mai danshi aka bi ta da injin matsa, sai layin ya fito, hagu ya koma dama, dama ta koma hagu. Dabara ta biyu ita ce akwatin, wadda Bafaranshe Jean-Baptiste Le Prince ya inganta a shekarun 1760. A nan ana barbaɗa garin ƙaro a kan farantin, a ɗumama shi har ƙwayoyin su manne, sai asid ya ci tsakankaninsu, ya bar dubban ƙananan ramuka da ke riƙe tawada. Sakamakonsa fili ne na duhu wanda babu layi ko ɗaya a cikinsa. Inda mai zane ke son fari, sai ya rufe wurin kafin ya tsoma, kamar yadda marinan Ƙofar Mata ke ɗaure yadi kafin su jefa shi cikin baba, inda aka ɗaure shuni ba ya shiga. Gwargwadon daɗewar faranti cikin asid, gwargwadon ƙarfin duhunsa. Ke nan Goya na da murya biyu: layi mai yanke iyakar abu, da duhu mai haɗiye iyaka.

Mu fara da layi. A duk faɗin zanen, miƙaƙƙen layi mai kusurwa a jikin tebur kaɗai yake. Teburin dunƙulallen abu ne mai gefe huɗu, abin da aka auna aka yanke, kuma shi ne wurin aiki da tunani. Jikin mutumin kuwa lanƙwasa ce, baya a duƙe, kafaɗu a zube, gashi a hargitse, kamar an sauke kaya a kan wannan tsayayyen abu. Daga bayansa layin ya fara gudu: gajerun zane masu kaifi a fikafikan mujiyoyi, kowane gashi da nasa, kowace ƙwayar ido a zagaye sarai. Amma da ido ya ƙara hawa sama, sai layin ya fara ɓacewa. Jemagun nesa ba su da gashi, ba su da fuska, baƙaƙen siffofi ne kawai da ke shirin narkewa cikin duhu. Wannan jeri ba haɗari ba ne. Halittar da ta fi kusa da kan mutumin ita ce ta fi samun layi, wato ita ta fi zama abu sananne mai suna da kama. Domin a gane ƙarfin wannan zaɓi, a tuna cewa a 1793 an buga zanen Baturen Ingila John Flaxman a kan labaran Homer, waɗanda layi ne zalla, tsaf-tsaf, babu inuwa, kuma Turai ta yi na'am da su a matsayin kamalar hankali da tsari. Goya ya san irin wannan layi. Sai ya ɗauke shi ya ba mujiyoyi, ya nuna cewa layin da hankali ke alfahari da shi, shi ne kuma ke ba abin tsoro jiki.

Sai haske. Tambayar farko ga duk mai nazarin zane ita ce, daga ina haske ya fito? A nan babu taga, babu fitila, babu wata. Babu bango ma, babu ƙofa, babu abin da zai ce maka ga ɗaki. Bayan mutumin fili ne na toka-toka, ƙwayoyin akwatin zalla, wanda ba za ka iya cewa taku biyu ne zurfinsa ko tafiyar yini ba. Duk da haka akwai haske mai ƙarfi, kuma ya taru ne a gadon bayan mai barcin da kafaɗunsa, da fikafikan mujiyoyin da ke manne da shi, da jikin kyanwar dajin. Daga nan yake raguwa mataki-mataki har ya mutu a jikin jemagu. Tunda babu wata fitila a waje, ido ba shi da zaɓi sai ya ɗauki mutumin a matsayin cibiyar hasken. Mujiyoyin da suka raɓe shi da haskensa suke haskawa. Akwai kuma wani abin lura a rubutun da ke jikin tebur. A sauran zanen jerin, sunan kowane zane a ƙasa yake, a wajen hoton, da baƙin layi. A wannan kuwa rubutun ya shigo cikin hoton, kuma haruffansa farare ne, wurare ne da aka kare daga asid a tsakiyar toka-toka. Ma'ana, maganar hankali ita kanta ba ta karantuwa sai da taimakon duhun da ke kewaye da ita. Mai karanta jumlar ba ya tsaye a waje yana yanke hukunci, yana cikin daren tare da mai barcin.

Na uku shi ne tsari, wato yadda aka rarraba abubuwa a fili. Takardar a tsaye take, amma mutumin bai samu tsakiya ba. An tura shi kusurwar ƙasa ta hagu, an bar kusan rabin filin na sama ga masu fikafikai. Daga kansa wani karkataccen layi ya tashi, ya bi ta kan mujiyoyi, ya nufi ƙaton jemagen da ke sama ta dama. Miƙaƙƙen layi na kwance ko na tsaye yana kwantar da ido, karkatacce kuwa motsi yake sa shi, kuma wannan motsi yana tafiya ta fuska biyu. Kana iya ganin tsuntsayen suna saukowa daga nesa za su far wa mutumin, kana iya ganinsu suna tashi daga bayansa kamar daga can aka sake su. Goya bai rufe ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Sannan a ƙirga idanu. Mujiyoyi idanunsu a buɗe, baƙar kyanwa ido a buɗe, kyanwar daji ido a buɗe. Fuska guda ce ba mu gani, ita ce ta ɗan Adam. An ƙwace gani daga mai hankali an raba wa dabbobin dare. Kyanwar dajin, wadda ta yi nauyi a kusurwar dama ta daidaita mutumin da ke hagu, ita ce ke yin aikin da ya kamata ya yi, tana farke, tana kallo, ba ta firgita ba. Ita kuwa mujiyar da ke miƙa abin zane, ta ɗaure zancen gaba ɗaya, domin abin da take nema shi ne mutumin ya tashi ya zana su.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna nazarin zane na 43 ne cikin jerin Los Caprichos na Francisco Goya. Yanzu bari mu saurari masu ja da wannan fassara, domin suna da hujjoji da suka cancanci amsa.

Mai ja na farko zai ce, duk wannan ƙaƙale ne na masu sharhi. Mai zane ya zana abin da ya zo masa, ku kuma kuka zo bayan shekara 200 kuna ɗora masa nufin da bai yi ba. Amsar wannan tana ajiye a gidan tarihin Prado da ke Madrid, inda akwai zanen gwaji guda biyu da Goya ya yi da alƙalami kafin ya taɓa faranti, ɗayansu ɗauke da shekarar 1797. A na farko, tsirkiyoyin haske na fita daga kan mai barcin, kuma a cikinsu fuskoki na yawo, har da fuskar Goya kansa. A na biyu, fuskokin sun tafi, amma an bar wani babban fili fari fat a sama ta hagu, kusa da kan mutumin, duhu da jemage na gefe. A zanen ƙarshe kuwa, wannan farin fili ma an shafe shi da toka-toka. Mutumin da ya gwada sau biyu, ya cire tsirkiyoyi, ya cire fuskoki, ya toshe hasken da ya rage, ba za a ce bai san abin da yake yi ba. Zanen gwajin farko ya faɗa ƙarara cewa abubuwan daga kan mutumin suke fitowa. Na ƙarshe ya janye wannan bayani na fili, ya bar layi da haske su ɗauki nauyinsa.

Mai ja na biyu ya fi ƙarfi. Zai ce Goya ɗan zamanin wayewar hankali ne, abokin masana irin su Jovellanos da Moratín, masu yaƙi da camfi da jahilci. Sanarwar da aka buga a jaridar Diario de Madrid ranar 6 ga Fabrairun 1799 ta bayyana cewa manufar jerin ita ce sukar kurakurai da munanan ɗabi'un mutane. A Sifaniya ta wancan lokaci, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, mujiya da jemage ba tsuntsayen alheri ba ne. Zane na 80, wanda ya rufe jerin, yana nuna dodanni na hamma da miƙa saboda lokacin tafiyarsu ya yi. To me ya kawo zancen cewa dodanni na gida ne? Duk wannan gaskiya ne, kuma shirin nan bai ce Goya na yabon duhu ba. Amma a duba, da wa'azi kawai yake nufi, da ya zana jahili ko boka ko mashayi yana barci. Wanda ya zana mai zane ne, a kan teburin aikinsa, da kayan sana'arsa, kuma da farko wannan hoto ya so ya sa a bangon jerin a matsayin hoton marubucinsa. Ya sa kansa cikin masu laifin. Akwai kuma wani tsohon sharhi na rubutun hannu a Prado wanda ya fassara zanen da cewa tunanin zuci in hankali ya yashe shi yakan haifi dodanni, in kuwa suka haɗu, shi ne uwar fasaha. Ke nan ko a zamanin Goya an fahimci cewa tushen dodo da tushen fasaha ɗaya ne, bambancin kawai ko hankali na farke ko yana barci.

A nan ne zanen ya shiga sahun abin da ake kira tafarkin Romantik, wato yunƙurin da ya mamaye fasahar Turai daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19, wanda ya ba mafarki da tsoro da abin da ke cikin zuciyar mutum matsayin da a da tsari da ma'auni kaɗai ke da shi. Goya bai shiga wata ƙungiya ba, bai rubuta wata aƙida ba, amma matasan Faransa sun gane shi. Eugène Delacroix ya zauna ya kwaikwayi zanen Los Caprichos don koyo, kuma zanen da ya yi wa labarin Faust, wanda aka buga a 1828, cike yake da irin wannan dare mai motsi. A 1857 marubuci Charles Baudelaire ya yaba wa Goya da cewa dodanninsa abin yarda ne, ba ka iya nuna inda gaskiya ta ƙare, ƙirƙira ta fara. Abin da muka gani ke nan a fikafikan mujiyoyi: tsuntsaye ne na gaske, da gashi da farce, an jera su a wurin da babu ƙasa babu sama.

Mai ja na uku zai ce, to mu ina ruwanmu da takardar da aka buga a Madrid tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ke wa'azi a Degel? Ruwanmu biyu ne. Na farko, mu ma yanzu hoto ya yi mana yawa. Kullum waya na kawo mana hotuna, kowanne da rubutu a ƙasansa yana gaya mana abin da za mu ji a rai. Wanda ya koyi tambayar inda haske ya faɗa, wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe, fuskar wa aka ɓoye, me aka yanke daga fili, ya samu makamin da zai auna ko hoton ya yarda da rubutun ko ya ƙaryata shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in an horar da shi. Na biyu, darasin zanen kansa. Abu ne mai sauƙi al'umma ta ɗora duk wata ɓarna a kan baƙo, ko maƙiyi, ko maye. Goya ya nuna hanya mafi wuya, kuma mafi amfani, wato mutum ya yarda cewa tsoro da son zuciya da jita-jita a cikinsa suke kwana, ilimi bai kore su ba, tsare su kawai yake yi muddin yana farke. Shi ya sa malami da alƙali da ɗan jarida suka fi kowa bukatar wannan gargaɗi, domin su ne masu tebur da alƙalami.

Saboda haka, duk wanda ya samu dama, ya nemi wannan zane a intanet ko a ɗakin karatu, da sunan Goya da lamba 43. Ku rufe rubutun da yatsa tukuna, ku bi layin daga tebur zuwa jemage, ku nemi tushen hasken, ku ƙirga idanun da ke buɗe, sannan ku karanta, ku yanke wa kanku hukunci ko hujjar da muka kawo ta tsaya. Ku gwada hakan kuma a kan hoto na gaba da wani zai turo muku kafin ku tura wa wani. A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.